Yadda Ake Zaɓen Moton Sarbo da Auna Girmansa Don Injin Milin na CNC Haɗin Gida

Kafin ka tura kuɗi Legas ko Caina a kawo maka moton sarbo, ɗauki sikeli da tef da biro ka koma gaban injin da kake haɗawa, wato injin milin na CNC, mai yanka ƙarfe ko katako da wuƙa mai juyawa bisa umarnin kwamfuta. Girman moto daga jikin inji yake fitowa: nauyin teburi, irin sukurun da ke jan sa, tsawon sukurun, da gudun da kake so ya yi. Wanda ya tsallake wannan awo ya sayi moto da ido, ɗayan biyu ne zai same shi. Ko dai ya ɗauko ƙaramin da zai riƙa ɗaukar zafi yana tsayawa a tsakiyar aiki, ko kuma, wanda ya fi yawan faruwa, ya zuba kuɗin da ya kamata su tafi kan sukuru mai kyau a ƙaton moton da ba zai taɓa cin rabin ƙarfinsa ba. Ga mai ƙaramin shagon tona a Sabon Gari, ko ɗalibin injiniya a Samaru da ke haɗa aikin kammala karatu, wannan asara ce mai ciwo, kuma lissafin da zai hana ta bai fi shafi biyu ba.

Sarbo kake buƙata ko sitefa ta isa?

Moton sitefa yana tafiya taku-taku, taku 200 a juyi guda, kuma na gama-gari bai san ko ya isa inda aka aike shi ba. In kaya ya yi masa yawa sai ya tsallake taku, kwamfuta ta ci gaba da ba da umarni kamar babu abin da ya faru, aiki ya lalace. Sarbo kuwa abubuwa uku ne a haɗe: moto, enkoda da ke bayansa tana ƙirga juyi, da direba, wato akwatin da ke ba moto wuta yana duba ƙirgen enkoda. In an samu bambanci tsakanin inda aka ce ya je da inda yake, direba zai ƙara ƙarfi, in abin ya gagara ya tsaya ya nuna alam.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga sitefa NEMA 23 an rubuta mata 3 Nm, sarbo na wat 400 kuma 1.27 Nm, ka ɗauka sitefa ta fi ƙarfi. Nata ƙarfin riƙewa ne a tsaye, da ta fara gudu yake zubewa, kafin juyi 1000 a minti ya ragu ƙwarai. Sarbo yana riƙe da 1.27 ɗinsa har juyi 3000 a minti, kuma yana iya ba da ninki uku na ɗan lokaci. In katako da roba za ka riƙa yanka a hankali, sitefa ta ishe ka, ka ajiye kuɗinka. In ƙarfe ne, kuma kana so inji ya yini yana aiki ba tare da kana tsaye a kansa ba, sarbo ya cancanci kuɗinsa.

Injin da za mu yi lissafi a kansa

Mu ɗauki ƙaramin milin irin na kan benci. Layuka uku yake tafiya a kansu: X hagu da dama, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa. Teburin X tare da bais, wato abin damƙe aiki, da ƙarfen da za a yanka, kilo 40. Y yana ɗauke da X gaba ɗaya da abin da yake zaune a kai, kilo 70. Kan inji da ke hawa da sauka a Z, tare da sifindil, wato sandar da ke juya wuƙa, da motonsa, kilo 50. Sukurun kowane layi mai ƙwallaye ne, lamba 1605, wato kaurinsa milimita 16, kuma duk juyi guda notinsa na tafiya milimita 5. Wannan tafiyar ita za mu kira taku. Tsawon sukurun X milimita 600 ne.

Nauyin nan a auna shi ake yi, ba a ƙiyasce ba. Kwance teburin ka ɗora a sikelin da ake awon buhu, ka haɗa da bais mafi girma da kake da shi. Ana auna turi da nuton, ana rubuta shi N, kilo guda kusan N 10 ne. Ƙarfin murɗa kuma Nm: turin N 1 a kan hannun sifana mai tsawon mita guda.

Gudu, da iyakar da sukuru ya sa

Juyin moto a minti shi ne gudun teburi a raba da taku. In kana son teburi ya yi milimita 9000 a minti lokacin da ba ya yanka, 9000 a raba da 5 ya ba da juyi 1800. Moton juyi 3000 zai kai milimita 15,000 a minti, gudun da ya wuce buƙatar teburin da duk tafiyarsa ba ta kai rabin mita ba.

Amma sukuru ma yana da nasa iyakar. In dogo ne siriri, da ya kai wani gudu sai ya fara kaɗawa kamar igiyar tsalle, ya cinye boris ya lalata noti. Ga lissafin da masu ƙera sukuru ke bayarwa idan gefe ɗaya a kafe yake da boris biyu, ɗayan kuma a tallafe da boris guda: 15.1 sau kaurin gindin zare, a raba da tsawo sau tsawo, sau miliyan 10, duk a milimita. Gindin zaren 1605 kusan milimita 13 ne. A tsawon 600 za ka samu juyi sama da 5400, babu damuwa. A tsawon 1000 ya sauko ƙasa da 2000. A 1200 bai kai 1400 ba. Ka ga a dogon inji sayen moto mai gudu bai amfana komai ba sai an ƙara kaurin sukuru ko an koma taku 10.

Ƙarfin murɗa lokacin yanka

Turin da sukuru zai yi kashi biyu ne: na yanka da na gogayya.

Na yanka ana iya ƙiyasta shi daga ƙarfin sifindil, domin wuƙa ba za ta tura ƙarfe da abin da ya fi wanda sifindil ya ba ta ba. Sifindil na wat 1100, in aka cire asarar bel da boris, kamar wat 770 ke isa bakin wuƙa. Bakin wuƙar kabaid a baƙin ƙarfe yana gudun mita 100 a minti, wato mita 1.67 a daƙiƙa. Raba 770 da 1.67, ka samu N 460. Mu cike shi zuwa 500. Da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe ba ta kabaid ba, da ke tafiya a mita 30 a minti lissafin zai haura 1500, sai dai ƙaramin inji zai fara rawa da kuka tun kafin a kai can, dole mai aiki ya rage cizon wuƙa.

Na gogayya ya danganta da abin da teburi ke zamewa a kai. In layin dogo ne mai boris irin HGR20, gogayyar kaɗan ce, yawanci ma robar share ƙura ce ke riƙewa. In ƙarfe ne a kan ƙarfe irin na tsofaffin injuna, ɗauki kashi 20 cikin 100 na nauyi: kilo 40 ya ba da kusan N 80. Mafi kyau ka auna da kanka. Cire sukuru, sa mai a hanyar zamiya, ɗaure ƙarfen matsi, wato wanda ke matse teburi a hanyar zamiya, yadda zai kasance lokacin aiki, maƙala sikelin rataye irin na masu awon nama a gefen teburi, ka ja a hankali. Za ka ga allura ta hau kafin teburi ya motsa, sannan ta ɗan sauko da ya fara tafiya. Rubuta babbar lambar. Ka maimaita a farko, tsakiya da ƙarshen tafiya, domin tsohon inji yakan cinye a tsakiya ya matse a gefuna.

Yanzu a mayar da turi zuwa murɗa. Turi sau taku a mita, a raba da 6.28 sau ingancin sukuru. Ingancin mai ƙwallaye kusan 0.9 ne. Don sauƙi ka riƙe wannan: a sukuru mai taku 5, kowane Nm 1 yana ba da turin N 1130. To N 580 a raba da 1130 ya ba da 0.51 Nm. Ƙara 0.1 na matsin noti da boris, ya zama 0.61 Nm. A Y gogayya ta kai N 137, jimla 0.66 Nm.

In sukurunka na zare ne irin na injin tona, marar ƙwallaye, ingancinsa 0.3 zuwa 0.4 ne kawai, ƙarfin da ake buƙata zai ninka kusan sau uku, ga kuma lako-lako tsakanin noti da zare. Sa wa irin wannan sarbo ɓarnar kuɗi ce, domin enkoda juyin moto take gani, ba ta ganin teburi. A fara canza sukuru tukuna.

Ga girman motocin da ake samu a ajin juyi 3000 a minti. Na wat 200 yana ba da 0.64 Nm, fuskarsa milimita 60. Na wat 400, 1.27 Nm, fuska 60, shaf 14. Na wat 750, 2.39 Nm, fuska 80, shaf 19. Buƙatarmu 0.61 ce, na 200 zai riƙa aiki a bakin iyakarsa, ba shi da sarari ko kaɗan. A bar wa moto rarar rabi zuwa ninki guda a kan lissafi, saboda wuƙa takan dakushe, mai yakan bushe, ƙura takan shiga. Na wat 400 shi ne daidai ga X da Y.

Nauyin juyi, inda aka fi yin kuskure

Duk abin da ke juyawa yana ƙin tashi, in ya tashi kuma yana ƙin tsayawa. Ka tuna dutsen injin niƙa bayan an kashe inji. Wannan shi ne nauyin juyi, ana rubuta shi da kg·cm², kuma yana cikin takardar kowane moto. Abin da direba ya damu da shi shi ne nauyin juyin kaya sau nawa ya ninka na cikin moto. In bai wuce ninki 5 ba, saiti zai zo da sauƙi. Daga 5 zuwa 10 ana iya sarrafawa in haɗin ya yi tauri. In ya haura haka moto zai riƙa wuce wuri yana dawowa, ka ga alamar rawa a fuskar aiki.

Na sukurun ƙarfe: 0.00077 sau kauri a santimita sau kansa har huɗu, sau tsawo a santimita. Ga 1605 mai tsawon santimita 60, amsa 0.30. Lura da wannan "har huɗu", nan ne abin yake. Sukuru mai kaurin milimita 20 a tsawo ɗaya ya kai 0.74. Mai kaurin 25 a tsawon mita guda ya kai 3.0, ninki goma na wanda muka fara da shi. Mutane kan ce bari in sa sukuru mai kauri don ya yi ƙarko, ba su san sun ɗora wa moto kayan da ya fi teburin kansa nauyi ba.

Na teburi kamar yadda moto ke jin sa: a taku 5, kowane kilo 0.0063 ne, kilo 40 ya ba da 0.25. A taku 10 ninki huɗu ne, 0.025 a kilo. Mahaɗin shaf da sukuru, a ba shi 0.1. Jimlar X ta zama 0.65. Moton wat 400 mai sauƙin ciki yana da kusan 0.3, ninki ya ɗan haura 2. Y ma, da sukurun santimita 40, 0.74 ne, ninki biyu da rabi. Duka lafiya.

Sai ƙarfin tashi. Muna so teburi ya tashi daga tsaye zuwa juyi 1800 cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Juyi guda radiyan 6.28 ne, saboda haka juyi 1800 a minti radiyan 188 ne a daƙiƙa, a raba da 0.1 ya ba da 1880. Haɗa nauyin juyin kaya da na moto, 0.95, ka raba da 10,000 don ya koma ma'aunin mita, ka ninka da 1880. Amsa 0.18 Nm. Da gogayya da matsin noti bai fi 0.35 ba, ko kusa da iyakar moto bai je ba.

Me zai faru in ka ce bari ka sa na 750 don kwanciyar hankali? Nauyin juyin cikinsa ya haura 1.1, ya fi duk kayan da zai ja, wani kaso na ƙarfinsa kan juya kansa zai tafi. Sannan ƙololuwar ƙarfinsa ta haura 7 Nm, a taku 5 turin kusan kilo 800 ke nan. Ranar da aka yi kuskuren lamba teburi ya daki ƙarshe, boris da mazaunin noti ne za su biya. Ko na wat 400 a ƙololuwarsa yana turin sama da kilo 400, shi ya sa ake rage masa iyaka a cikin direba.

Layin Z da birki

Z daban yake, domin moto yana ɗauke da kan inji ko ana yanka ko ba a yi. Kilo 50 N 490 ne, wato 0.43 Nm kullum, ko inji na tsaye. Haɗa da matsin noti da ƙarfin tashi sama, ka wuce 0.7, ban da gogayyar da leƙowar kan inji gaba ke haifarwa. In milin kaɗai ne, na wat 400 zai iya. Huda rami ne ke canza lissafi. Bakin diril na milimita 10 a baƙin ƙarfe yana neman turin da ya haura N 1000. In aka ɗauki 1500, nauyin kai ya taimaka da 490, saura kusan 1 Nm da matsin noti, kusa da iyaka. Mafita biyu ce: na wat 750 kai tsaye, ko na wat 400 da bel mai haƙora, fuli mai haƙora 20 a moto da mai 40 a sukuru, irin HTD 5M mai faɗin milimita 15. Wannan ragin yana ninka murɗa biyu, ya raba gudu biyu, ya raba nauyin juyin kaya huɗu. A sa fulin alminiyam, na ƙarfe mai haƙora 40 nauyin juyinsa na iya fin na sukurun.

Ko wanne ka zaɓa, na Z ya zama mai birki, kuma a nan Zariya wannan ba abin tattaunawa ba ne. Sukuru mai ƙwallaye ba ya riƙe kaya da kansa. Da an ɗauke wuta, kilo 50 zai murɗa sukuru ya gangaro, wuƙa ta nutse cikin aiki ko cikin teburi, in hannu na ƙasa kuma abin ya fi haka muni. Birkin sarbo sifirin ne ke danne shi, wutar bolt 24 ce ke sakinsa, saboda haka da wuta ta tafi yake kamawa. A haɗa shi ta rile da direba ke sarrafawa, da nasa tushen bolt 24 daban da na sigina, a sa dayod a kan nadin rile. Birkin na riƙewa ne a tsaye, in ana taka shi moto na gudu zai cinye da wuri. Nauyin ma'auni a bayan ginshiƙi ko sandar gas irin ta but ɗin mota suna rage wa moto kaya, amma ba sa maye gurbin birki.

Bugu, enkoda da allon sarrafawa

Yawancin masu haɗin gida suna aika wa direba umarni daga allon sarrafawa da bugu da alƙibla: kowane bugu ɗan siginar lantarki ne da ke motsa moto kaɗan, alƙibla kuma ta nuna gefen da zai juya. Enkoda mai layi 2500 tana ƙirga 10,000 a juyi, mai bit 17 tana ƙirga 131,072. Ba sai allonka ya aika bugu masu yawa haka ba, akwai giyar lantarki a cikin direba da ake saita bugu nawa ne juyi guda. In ka sa 5000 a taku 5, bugu ɗaya maikiron 1 ne, bugu 1000 a milimita. Gudun milimita 9000 a minti 150 ne a daƙiƙa, kana buƙatar bugu 150,000 a daƙiƙa. Manhajar GRBL a kan allon Arduino Uno ba ta fi kusan 30,000 ba, manhajar Mach3 ta tsohuwar kafar firinta daga 25,000 zuwa 100,000 take. Da irin waɗannan sai ka sauko zuwa bugu 1000 a juyi, kowanne maikiron 5, wanda ya ishi sukurun aji C7 da kuskurensa kan kai milimita 0.05 a cikin 300. Manhajar LinuxCNC da katin Mesa ba ta da wannan matsi. Duba kuma iyakar shigar direba: wayar sigina guda yawanci 200,000 ce, mai tagwayen waya 500,000 ko fiye, kuma ta fi jure hayaniyar lantarki.

Na hannu da sabo

Ana samun sarbo da aka ciro daga injunan masana'antu, na Yaskawa, Mitsubishi, Panasonic ko Delta, wani lokaci a Panteka ta Kaduna ko wajen masu kayan gwanjo a Kano. Kaya ne masu ƙarko, amma ka sayi moto da direbansa da wayoyinsa tare. Enkodar kowane kamfani da harshenta, direban wani ba zai gane moton wani ba, ko a kamfani guda ma sai zubi ya dace. Ka karanta lambar direba harafi-harafi, domin wasu ba sa karɓar bugu sam. A Mitsubishi MR-J2S, mai ƙarewa da A yana karɓar bugu, mai B sai ta hanyar sadarwar kamfanin, allonka ba zai iya magana da shi ba. A sa masa wuta a gabanka ya juya kafin ka biya. In sabo ne, tabbatar direban na bolt 220 ne mai karɓar fes ɗaya, kuma akwai littafinsa da harshen da kake karantawa.

Haɗa moto da sukuru

Sukuru 1605 yana tafiya da mazaunin boris BK12 da BF12, ƙarshensa milimita 10, saboda haka mahaɗi mai rami 10 da 14 za ka nema. Guji na alminiyam mai tsaga kamar sifirin, yana murɗewa ƙarƙashin kaya ya sa moto kuka. Ɗauki mai faifan ƙarfe ko mai haƙora da roba mai tauri, wanda ke damƙe shaf ta kowane gefe. Buɗe BK12 ka duba, masu arha sukan zo da boris na gama-gari maimakon masu ɗaukar turin gaba da baya, daga nan lako-lako ke farawa. Kada guduma ta taɓa shaf ɗin sarbo ko sau ɗaya, bugun kai tsaye enkoda yake isa. In mahaɗi ya ƙi shiga, a gyara raminsa.

Wuta, zafi da ƙura

Direbobin ajin bolt 200 zuwa 230 suna jure kusan 170 zuwa 253. Ƙasa da haka su nuna alam su saki moto, sama da haka kafasito su wahala. Auna wutar shagonka da rana da kuma bayan magariba na kwana biyu ko uku kafin ka yanke shawara. Direban wat 400 yana neman kusan 0.9 kVA, na 750 kusan 1.3, biyu na 400 da ɗaya na 750 sun haura 3 kVA in duk suna cikakken aiki, ban da sifindil. Sitabilaiza ta 5 kVA ita ce mafi ƙanƙanta da za a duba ga irin wannan inji, da abin kare hawan wuta, da kontakta da ba ta komawa da kanta in wuta ta dawo. In janareta ne, ya zama mai AVR, wato abin daidaita bolt, a tashe shi ya daidaita kafin a kunna inji, a kashe inji kafin a kashe shi. Kada a haɗa layi ɗaya da injin walda.

Wayar ƙasa ta zama ta gaske. Littattafan direbobin Japan suna neman om 100 ko ƙasa. Da rani ƙasar Zariya takan bushe ƙamas, sandar da ta yi kyau a watan Agusta ta zama kamar babu a watan Maris, saboda haka a kafa ta inda ke da laima, a riƙa zuba ruwa. Wayar enkoda da ta bugu su zama masu rigar kariya, su yi nisan santimita 30 da wayar wutar moto da ta inbatar sifindil. Wayoyin wutar moto, U, V da W, a haɗa su yadda aka rubuta, ba a musanya biyu don juya alƙibla kamar moton famfo, a cikin saiti ake wannan. Bayan an kashe wuta a jira fitilar caji ta mutu kafin a sa hannu, akwai sama da bolt 300 a cikin kafasito.

Ƙarfin da aka rubuta wa moto na yanayin da bai wuce digiri 40 ba ne. Shago mai rufin kwano a watan Afrilu yana wuce haka da azahar, wannan ma dalili ne na barin rara. A ɗaura moto a farantin alminiyam mai kauri don ya sha zafi. Direbobi su zauna a rufaffen akwati mai fanka da matata, a wanke matatar duk mako lokacin hunturu. Garin ƙarfen zubi ya fi ƙurar hunturu haɗari, domin wuta na bi ta cikinsa.

Gwaji da gano matsala

Fara juya moto shi kaɗai a kan benci, a ɗaure, da maɓallin direba. Bayan ka haɗa shi da sukuru, sa iyakar murɗa a kashi 50 cikin 100, tabbatar makunnan iyaka da maɓallin tsayawar gaggawa suna aiki, kuma wayar alam ta kowane direba ta isa allon sarrafawa. In ba ta isa ba, X zai tsaya da alam, Y da Z su ci gaba da yanka. Sannan ka bar direba ya yi saitin kansa. Zai nuna ninkin nauyin juyi da ya gano, ka kwatanta da lissafinka. In ka samu 2 shi ya nuna 8, akwai abin da ke riƙewa ko mahaɗi na zamewa. Daga baya ka mayar da iyakar murɗa kamar kashi 150.

Taurin saitin matsayi, wato saurin da direba ke gyara gocewar wuri, na X da Y ya zama lamba ɗaya, ko da direba ya zaɓa musu daban-daban. Yanka da'ira mai faɗin milimita 50 a alminiyam ka auna. In ta fito kamar ƙwai a karkace, ɗaya na bin umarni da jinkiri fiye da ɗaya. In akwai ɗan tudu a wurare huɗun da layi ke juya baya, lako-lako ne, sa agogon awo a teburi ka bi shi daga noti zuwa boris zuwa mahaɗi. Kuka mai tsini a tsaye, taurin saiti ya yi yawa ko bel ya saki. Alam na hawan wuta lokacin da Z ke sauka ko teburi ke tsayawa da sauri, wutar da moto ke mayarwa ce ta rasa inda za ta, a sa rezista ta waje daidai da om ɗin da littafi ya ce ko a sassauta tsayawa. In wuri na gocewa a hankali cikin dogon aiki, aika teburi milimita 100 ka duba ƙirgen bugu a fuskar direba. A saitin bugu 5000 a juyi, 100,000 cif ya kamata ka gani. In ya ragu ko ya ƙaru, matsalar waya ce ko gudun bugu, moto ba shi da laifi.

Gwajin ƙarshe a yi shi da rana tsaka, da aiki na gaske na rabin awa, ana kallon kason kaya a fuskar direba. Lissafinmu ya ce X zai zauna kusa da kashi 48 a yanka mai nauyi. Duk abin da bai wuce 70 ba lafiya ne. In ka ga 85 ko 90, kashe inji, sassauta ƙarfen matsi kaɗan, kwance kusoshin mazaunin noti ka kai teburi kusa da BK12 ka sake ɗaure su don sukuru ya zauna a layinsa, sa giris, sannan ka maimaita yankan ka sake karanta lambar.